Zanen yaya da ƙanwa: inda hannu ke kucewa

A 1881 Renoir, mai zane ɗan Faransa, ya zana budurwa zaune da ƙaramar yarinya tsaye a gefenta. Zanen yana birnin Chicago na Amurka, ana kiransa na 'yan'uwa mata biyu, alhali ba ciki ɗaya suka fito ba. Kusancin jikinsu ne ya sa mai kallo ya yarda.

Mai zanen yaya da ƙanwa a nan Damagaram ya fara da wannan: kafaɗa ta taɓa kafaɗa, ko hannun ƙanwa ya riƙe bakin zanen yayarta.

Fuskar ƙaramar ita ce wuyar aikin. Idanun babba suna tsakiyar kai, amma na 'yar shekara 3 suna ɗan ƙasa da tsakiya, goshi faffaɗa, haɓa ƙarama. Ka ɗaga idanun kaɗan, sai ta zama 'yar shekara 12. Tsayinta kamar tsawon kanta sau 5 ne, na babba 7 da rabi.

Kada ka sa baƙin fenti wajen zana fata, yana kashe launinta. Haɗa ruwan ƙasa da ja, ka ɗiga shuɗi a inuwa.

Zaunar da yayar da ƙanwar bakin zaure da hantsi, minti 15 ya isa. Lokacin hunturu kuwa a juya zanen ya fuskanci bango, don ƙura na manne wa ɗanyen fentin mai.