Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Faifan Da Ya Sa Na Rubuta Wa Aminina

A makon jiya na tsaya ne a inda na sami ɗakin haya a arewacin Landan. To, a ɗakin nan ne, wajen ƙarshen watan Mayu na 1975, wani Bature ɗan ajinmu ya shigo mini da sabon faifai a hammata, ya ce in saurara daga farko har ƙarshe, kada in ɗaga allura. Faifan mawaƙin Ingila Elton John ne, Captain Fantastic and the Brown Dirt Cowboy.

Ni a lokacin Elton John bai dame ni ba. Abin da ya sa na gyara zama shi ne da Baturen ya ce mini ai ba shi ke rubuta baitocin ba. Wani ne daban, Bernie Taupin, ɗan ƙauye daga Lincolnshire wanda ya tashi a gona. A 1967 kamfanin faifai na Liberty ya ba da talla a jaridar New Musical Express yana neman masu basira, su biyun suka amsa ba tare da sun san juna ba. Elton, wanda sunansa na yanka Reginald Dwight, gwanin fiyano ne amma bai iya tsara baiti ba, sai aka miƙa masa wata ambulan cike da rubutun Bernie. Mafarinsu ke nan. Waƙoƙi goma na faifan kuwa tarihinsu ne, daga haɗuwar har zuwa 1969: talauci, da rubuta wa wasu waƙa a kamfanin Dick James kan ɗan albashi, da shekarun da suke kwana kan gado mai hawa biyu a gidan mahaifiyar Elton.

Da aka zo waƙa ta biyar, Someone Saved My Life Tonight, Baturen ya rage murya ya ba ni labarinta. A 1968, ana shirin auren da ba ya so, Elton ya nemi halaka kansa, kuma Bernie ne ya tarar da shi. Bayan shekaru Bernie ya zauna ya rubuta wannan lokaci da bakin Elton, kamar shi abin ya sama, Elton kuma ya karɓa ya rera wa duniya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mutum ya san mafi munin ranarka, ka kuma yarda ya sa maka kalmomin a baki!

Ni ma ina da nawa aminin a Kaduna. Ɗaki guda muka kama a Tudun Wada, tabarma biyu, fitilar ƙwai ɗaya, da jitarsa wadda tsirkiya ɗaya ta tsinke muka yi wata uku ba mu sami kuɗin sauyawa ba. Ni nake rubutu a bayan tsohon littafin makaranta, in tura masa ta ƙarƙashin matashi don kunya, shi kuma ya sa wa baitocin murya da daddare. Wata rana aka gayyace mu biki, ya rera waƙar da na kwana uku ina gyarawa, mata na guɗa, ana yi masa liƙi, ni ina bakin ƙofa riƙe da kekensa. Bai ambaci sunana ba. Ban ce masa uffan ba, amma da abin na hau jirgi, na yi wata takwas a Ingila ko gaisuwa ban aika masa ba.

Daren nan na mayar da allurar faifan sau uku. Sai na tuna aminin nan nawa ne ya sayar da agogonsa ya biya mini kuɗin jarrabawa, wanda ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ɗauko shuɗiyar takardar wasiƙar jirgi, na rubuta baiti 14 a kan ɗakinmu na Tudun Wada, har da agogon, har da keken. A ƙasa na ƙara layi ɗaya: “Malam, ga wannan, ka sa mata murya in ka ga dama.”

Mako shida shiru. A na bakwai aka zuro mini ƙaramin ƙunshi ta ƙarƙashin ƙofa, da kan sarkin Najeriya, ciki kaset ne guda babu wasiƙa. Abin da na ji a kaset ɗin zan kawo muku a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.