Farin Tarago a Tashar Yenice

Ƙanin matata ne ya ja ni Adana, a kudancin Turkiyya, inda yake karatu. Da na kwana biyu sai ya ce, "Yaya, tunda kana son tarihi, gobe akwai inda zan kai ka." Da hantsi muka hau jirgin ƙasa mai zuwa Mersin. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, gonakin auduga da lemo hagu da dama, can nesa kuma duwatsun Toros. Kafin mu gaji da zama har mun sauka a Yenice.

Ƙaramin gari ne, shiru, ba abin da zai tsai da baƙo. Amma kusa da tasha akwai wani farin tarago da aka ajiye don tunawa. A nan ne, ranar 30 ga Janairun 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, firayim ministan Birtaniya Winston Churchill ya zauna da shugaban Turkiyya Ismet Inonu. Churchill bai daɗe da tashi daga taron Kasabalanka ba, inda shugaban Amurka Roosevelt ya bar masa ragamar batun Turkiyya. Abin da ya tsaya min a rai ke nan tun muna hanya: manya biyu sun zauna a Maroko sun yanke wanda zai riƙe maganar wata ƙasa, masu ƙasar ba sa wurin.

Buƙatar Churchill a fili take. Turkiyya ce ke riƙe da mashigin Bosforus da Dardanel, ƙofar Baƙin Teku. Yana son filayen jiragen samanta, yana son ta shiga yaƙi a matsa wa Jamus ta yankin Balkan, shi kuma ya yi alkawarin makamai. Inonu, tsohon soja da ya ga yadda yaƙin duniya na farko ya cinye daular Usmaniyya, ya karɓi baƙonsa hannu bibbiyu, amma bai ce to ba. Sojojin Jamus suna Bulgeriya, dab da iyaka, jiragensu za su iya ƙona Istanbul. Babban tsoronsa ma Rasha ne: idan an kayar da Hitler, wa zai tsai da shugabanta Stalin?

Na daɗe tsaye gaban taragon nan. Ƙunci gare shi, na riƙa tunanin yadda mutum zai zauna gwiwa da gwiwa da wanda ya fi shi ƙarfi, ya ƙi, ba tare da ya ɓata masa ba. A Disamban shekarar an kira Inonu Alkahira, wannan karon har da Roosevelt, ya sake zamewa. Sai 23 ga Fabrairun 1945 Turkiyya ta shelanta yaƙi da Jamus, bayan shugabannin Amurka da Birtaniya da Rasha sun yanke a taron Yalta cewa wanda bai yi hakan ba kafin 1 ga Maris ba shi da kujera a taron kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Watanni kaɗan bayan haka Moscow ta nemi yankunan Kars da Ardahan na gabashin Turkiyya da kuma sansani a mashigin. Tsoron dattijon bai tashi a banza ba.

Ba kyauta aka samu zaman lafiyar ba. A wurin mai shayi, wani tsoho da ya ga baƙi ya ja kujera kusa da mu, surukina yana fassarawa. Ya ce mahaifiyarsa ta sha ba shi labarin lokacin da sai da kati ake samun burodi, maza duk suna bariki, gonaki ba masu nomawa. Ya ce har ta rasu ba ta daina tattara ɓarɓashin burodi daga kan tabarma ba. "Amma babana ya dawo gida," in ji shi. Ya hana mu biyan kuɗin shayin, ya raka mu har bakin jirgin la'asar.