Abin da na koya a ɗakin kanari: gero kaɗai ba ya riƙe tsuntsu

Yawancin masu ajiye kanari a garuruwanmu abu biyu suke sa masa a keji, gero da ruwa. Mai ƙoƙari ya haɗa da acca. Tsuntsun kuwa zai ci, ya yi ta tsalle, har ya yi kuka, sai mai shi ya ɗauka ya sauke nauyi. Sai da na kama aiki wajen wani dattijo mai kiwon ƙananan tsuntsayen keji na gane cewa tsuntsu yana iya daɗewa a raye alhali yunwa tana cin jikinsa a ɓoye.

Malam yana da kanarin dajinmu mai rawayan ƙirji, da kanarin Turawa wanda asalinsa daga tsibiran Kanari ne a tekun Atlantika, da wani ɗan ƙaramin tsuntsun Ostareliya mai jan baki da 'yan kasuwa ke kira zebra. Dukkansu masu cin tsaba ne. Amma aikina na farko kullum bayan asuba shi ne wanke ganye: zogale, latas, lansir, wani lokaci kabeji, sai gurzajjen karas. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Yaro, kai za ka iya tuwo gaya safe da yamma har shekara ta zagayo?"

Bayanin da ya fi zama mini a rai a bakin ƙofar shagon ya yi mini shi. Ya nuna mini baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke yawo a tsakar gidajenmu, ya ce in lura da abin da take tsinta. Da rani busasshiyar tsabar ciyawa ce. Da ruwa ya sauka sai ta ƙara da tsiro, da ɗanyar tsabar da ba ta gama nuna ba, da gara da shinge, musamman idan tana ciyar da 'ya'ya. Haka shi ma zebra yake a hamadar Ostareliya: hayayyafarsa tana bin ruwan sama, domin da ɗanyar tsabar ciyawa yake renon 'ya'yansa. Mu ne muka kulle su, muka mayar musu da shekara gaba ɗaya rani.

Daga baya na karanta abin da likitocin dabbobi ke faɗi, na ga ya zo daidai da na Malam. Busasshiyar tsaba ba ta da isasshen bitamin A, kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, furotin ɗinta kuma bai cika ba. Ƙarancin bitamin A kan fito ta hanci da ido: atishawa, majina, kumburin ido, gashi ya dushe. Ganye mai duhun kore da karas suna ɗauke da sinadarin da jikin tsuntsu ke mayarwa bitamin A. Har launin gashi yana da alaƙa da abinci. Jan kanarin da aka fara ƙoƙarin samarwa a Jamus a shekarun 1920, ta hanyar haɗa kanari da wani jan tsuntsu na Benezuwela, ba ya riƙe jansa sai an ba shi abinci mai wannan launi a lokacin da yake sake gashi.

Batun kalsiyam ne ya fi taɓa ni. Wani mutum ya kawo mana macen zebra a cikin kwali, tana kwance a ƙasa, ta kumbura gashi, wutsiyarta tana kaɗawa da kowane numfashi. Ƙwai ne ya maƙale mata. Tsuntsuwar da nauyinta bai wuce giram 12 zuwa 15 ba, tana yin ƙwai 4 zuwa 6 a jere, kowanne da ɓawonsa, ita kuwa gero kaɗai ake ba ta. Daga ƙashinta take zarar abin yin ɓawon, har ƙarfin yunƙuri ya ƙare mata. Malam ya sa ta a wuri mai ɗumi, ya ɗiga mata ruwan kalsiyam a gefen baki, Allah ya taimaka ta sauke kafin la'asar. Da yawa ba sa kai labari. Abin takaicin shi ne rigakafin ba ya cin ko kwabo: ɓawon ƙwan kaza ne, a tafasa shi, a shanya, a daka, a ajiye a ɗan murfi a cikin kejin. Sai kuma hantsi, domin da hasken rana jiki ke yin bitamin D da ke sa kalsiyam ya shiga, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aikin.

Dafaffen ƙwan kansa muna murmushe shi da ɓawonsa mu ba masu renon 'ya'ya da masu sake gashi. Kanarin da ke zubar da gashi yakan yi shiru, mai shi ya shiga damuwa, alhali jikinsa ne ya tattara ƙarfi wajen fitar da sabon gashi, shi kuwa gashi kusan duk furotin ne.

Akwai maganar da na sha ji a bakin masu saye, wai ganye yana sa tsuntsu zawo. Ban yarda da ita ba. Tsuntsun da ya ci abu mai ruwa dole kashinsa ya ƙara ruwa, amma in ka duba takardar da ke ƙasan kejin za ka ga dunƙulen kashin yana nan da siffarsa, ruwa ne kawai ya kewaye shi. Zawo na gaske a narke yake, yana ɓata gashin gindi, tsuntsun kuma ya yi laushi. Matsalar takan zo ne idan an cika wa wanda bai taɓa gani ba keji da latas rana ɗaya, ko an bar ganye ya ruɓe. A zafin watan Afrilu, Malam ba ya barin ganye ko ƙwai ya kai azahar a keji.

Koya musu ci yana son haƙuri. Sabon tsuntsu yana tsoron duk abin da bai sani ba, sai ka ga ya lafe a can ƙarshen sanda yana hararar ganyen zogale. Mukan maƙala ganyen da danshinsa a jikin waya kusa da inda yake sauka, ko mu yanka shi ƙanana mu barbaɗa gero a kai. Hanyar da ta fi sauri ita ce a ajiye shi kusa da wanda ya saba. Da ya ga ɗan'uwansa yana yaga, gobe shi ma zai sa baki.

Da damina abin ya fi sauƙi. Mukan yanko harkiya da burburwa da kawunansu, kusa da kaka kuma zangarniyar geron da bai bushe ba, ka ga ɗakin ya rikice da murna. Da rani sai mu jiƙa gero ya kwana, mu riƙa ɗauraye shi safe da yamma har ya fasa tsiro a kwana 2 ko 3. In ya yi tsami ko ya nuna alamar fumfuna, zubarwa ake yi, ba a jayayya.

Abubuwan da Malam ya hana shiga ɗakin sam su ne fiya, wadda guba ce ga tsuntsu, da albasa, da tafarnuwa, da cakulan, da duk abin da aka sa wa gishiri. Alayyafo kuwa jefi-jefi, saboda yana da sinadarin da ke riƙe kalsiyam. Amma abin da ya fi tsoro shi ne maganin feshi. Ganyen lambu da aka fesa wa maganin ƙwari bai daɗe ba, mutum yana iya ci ya tashi lafiya, ɗan tsuntsu kuwa ragowar da ke jikin ganye ɗaya tana iya kayar da shi. Wanki yana ragewa, ba ya cirewa duka. Shi ya sa muka dasa zogale biyu a bayan shagon, muka kuma shuka lansir da latas a tsofaffin robobi, muna tsinka daga nan kullum da safe.