Dosiyen da ke kwana kan tebur: abin da aikin biro a Damagaram ya koya mini kan jinkiri da fushi

Ƙarshen wannan wata zan miƙa makullan biro, wato ofis. Akwai maganar da ba a faɗa a taron ban kwana, kuma ƙannena da za su ci gaba da zama a kan waɗannan tebura sun cancanci su ji ta. Yawancin dosiyen (fayil ɗin takardu) da ke yin sati biyu a gaban ma'aikaci bai taɓa su ba, ɓacin rai ne ya ajiye su. Ana kiran abin lalaci don shi ne ya fi sauƙin faɗa, kuma shi ne ya fi yi wa na sama daɗi.

Kun san irin shef ɗin, wato shugaban biro, da nake nufi, ba sai an kama suna ba. Rahoton wata ya haɗu, alƙaluma sun zo daga Mirya da Magariya da Matamai, ka zauna ka tace su, ka kai takarda don a sa hannu. Ta yi kwana shida a ofishinsa ƙarƙashin jarida. Ranar da waya ta zo daga Yamai ana tambaya, sai ya fito ya tsaya bakin ƙofa, gaban sakatariya da masinja da baƙin da ke jira kan benci, ya ce yaran yanzu ba su son aiki. Ba za ka iya cewa komai ba. Wata mai zuwa kuma, in lokacin wannan rahoto ya yi, sai ka ga hannunka yana zuwa ko'ina ban da wurinsa. Ka share tebur, ka amsa saƙonni, ka je gaida na biron kusa. Masu binciken halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun bayyana wannan a 2013: mai jinkirta aiki yana guje wa ɗacin da aikin ke tayar masa ne, ya sayi sauƙin yanzu, ya bar wa kansa na gobe bashin. A biro irin namu bashin yana da muni, domin a wata na biyu lattin ya zama naka na gaskiya, kuma mutumin da ya yi maka ƙazafi ya sami hujjar da ba shi da ita da farko. Wannan ne ya fi ci mini rai cikin dukan abin da na gani, yadda ma'aikaci mai ƙwazo ke komawa daidai abin da aka zarge shi da shi.

Maganin farko kaye ne, ɗan ƙaramin littafin rubutu irin na ƴan lakwal (makaranta). A ja layi biyar a kowane shafi: kwanan wata, lokaci, batun takarda ko lambarta, sunan wanda ya karɓa, sa hannunsa. Duk takardar da ta bar teburinka ta bi ta cikinsa. Kuskure uku ake yi a nan. Na ɗaya, a miƙa wa shef kansa kayen ya sa hannu. Zai ɗauke shi cin fuska, kuma za ka biya. Sakatariya ce ke karɓa, ita ke sa hannu. Na biyu, a yi amfani da shi ga takardunsa kaɗai, sai kowa ya gane tarko ne. Ko takardar neman man mota ce, a rubuta ta. Na uku, a bar shi kwana uku sannan a cike daga baya da alƙalami ɗaya, wanda duk mai ido zai gane. Bayan an miƙa takarda, a tura ɗan saƙo a rubuce ta WhatsApp: "Ranka ya daɗe, rahoton watan Maris yana wurin sakatariya tun ƙarfe 10." In kwana biyu na aiki suka wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya, da irin wannan ladabi. Amfanin kayen bai tsaya ga ranar rigima ba. Wanda ya san akwai shaidar ranar da ya gama aikinsa, zuciyarsa tana yarda ta fara aikin, don ta san ba a banza za ta wahala ba.

Sai lokacin da ake yi maka faɗan. Jiki yana riga hankali: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, muƙamuƙi ya ɗaure, murya ta fara rawa. Cikin wannan hali ba ka da hukunci mai kyau, shi ya sa Annabi (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, ya kuma umurci wanda ya fusata ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna. Saboda haka kada ka ciro kayen a wannan lokaci, komai gaskiyarka. Wanda aka kunyata gaban yaransa ba ya ja da baya, ƙara matsowa yake. Rufe baki, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida zuwa takwas, sau biyar ko shida. Tsawaita fitar numfashin ne ke rage bugun zuciya. Masu jan iska da ƙarfi su hura da sauri suna ƙara wa kansu ne. Hannaye su tsaya a ƙasa, kada su shiga nuni. Kuma ka tanadi jimla ɗaya tun kafin ranar, ka haddace ta, don a lokacin ba za ka iya ƙirƙiro mai kyau ba: "Na ji, ranka ya daɗe. A ba ni izini in duba, in kawo bayani." Daga nan ka fita, ka yi alwala, ka zauna. Ka ba jikinka aƙalla rabin awa. A cikin rabin awar nan ba a rubuta saƙo, ba a yin murya a WhatsApp. Magana zarar bunu ce, ta cikin waya kuwa tana isa Yamai kafin La'asar.

Kashegari, ba ranar ba, ka nemi ganinsa shi kaɗai, ƙofa a rufe. Jimla uku sun isa: ga ranar da takarda ta iso wurin sakatariya, ga shafin, kuma ina roƙon in an ga kuskurena nan gaba a kira ni ciki a gaya mini. Kada ka ce "kullum haka kake yi", domin zai kamo rana ɗaya da bai yi ba, maganar ta koma can. Kada kuma ka sa rai zai ba ka haƙuri. Irinsu ba su bayarwa. Abin da za ka samu shi ne ya san akwai rubutu, kuma sau da yawa wannan kaɗai yana sa ya rage.

A nan ne nake da ja da yadda muke amfani da haƙuri a wuraren aikinmu. Da zarar an ci zarafin ƙarami, kowa zai zagayo ya ce masa ya yi haƙuri, babu mai shiga wurin babba ya ce masa ya ji tsoron Allah. Haɗiye fushi ibada ce, ayar Ali Imrana ta yabi masu yin sa. Amma haɗiye fushi daban, barin haƙƙi daban. Wanda ya haɗiye duka biyun, fushin bai tafi ko'ina ba, dosiye na gaba zai ci.

Wurin da aka fi lalata abin shi ne fada, wato majalisar hirar abokai. An tashi aiki, an ɗora shayi, sai ka ba da labarin tun daga farko, abokai suna zuga ka, gobe ka sake ba wasu. Muna ɗauka ana rage nauyin zuciya ne. Wani mai bincike, Brad Bushman, ya gwada wannan tunani a Amurka a 2002: waɗanda aka sa su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fito da fushi fiye da waɗanda aka bari suka zauna shiru ba su yi komai ba. Maimaita labari ma haka yake, kowane zagaye yana sake tayar da jiki kamar yanzu abin ya faru. Zaɓi mutum ɗaya mai sanyin kai, wanda ba ya aiki a bironku, ka gaya masa sau ɗaya, ku ƙare da abin da za ka yi gobe. Kafin ka shiga gida kuma ka tsaya masallacin unguwa ko ƙofar gida minti goma. In ba haka ba, ɗan kabu-kabun da ya sha gabanka a hanyar Sabon Gari, da uwargida, da yaron da ya zubar da ruwan da aka sha wuya aka samo, su ne za su karɓi abin da ya kamata shef ya ji.

Yanzu yadda ake taɓa dosiyen da zuciya ta ƙi. Niyya kawai ba ta isa. Kowa yana barin biro da niyyar gobe. Kafin ka tashi da yamma, rubuta a ƴar takarda abu uku: yaushe, a ina, da me za a fara. "Gobe in na ajiye jaka, kafin in buɗe waya, zan buɗe rahoton in cike jadawalin Mirya." Wani mai binciken, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa ƙulla aiki da lokaci da wuri takamaimai yana sa a fi cika shi. Ɗora takardar kan dosiyen, dosiyen kuma a tsakiyar tebur, sauran a cikin kabad. Matakin farko ya zama ƙarami har ba za a iya ƙin sa ba. "Gama rahoto" ya yi girma, shi ya sa ake gudunsa. Jadawali ɗaya kuwa aikin minti goma ne, kuma wanda ya cike ɗaya yakan zarce. Sa agogo minti 25, kashe intanet, waya a aljihun tebur, in ya buga ka huta minti 5. Zagaye biyu ko uku da safe sun fi yini guda na zaman kallon takarda.

Masu rubuta irin wannan shawara a Turai suna cewa a rufe ƙofa. A Damagaram ba a rufe wa mutum ƙofa, kuma wanda ya ƙi gaisawa ya jawo wa kansa abin da ya fi latti. Hanya biyu ce ke aiki. Ko ka riga kowa zuwa da minti 30 ko 40, ko ka yi zagayen gaisuwarka gaba ɗaya da isowa, ka gaida kowa yadda ya kamata, sannan ka zauna. Baƙon da ya shigo tsakiyar zagaye, ka tashi ka gaishe shi, ka ba shi kujera da ruwa, ka ce, "Baba, a yi mini afuwa minti goma in rufe wannan." Dattawa suna karɓar wannan in an faɗa da fuska sake. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, duk aikin da ke son lissafi ko kwamfuta a yi shi kafin ƙarfe 11, tun da sauran sanyi. A ware aikin hannu, kamar jera takardu da cike rajista, don lokacin da wuta ta ɗauke, kada ɗaukewarta ta zama dalilin watsar da yinin. Ranar da aka ce a miƙa aiki kuwa, daga baya ake ƙirgo ta. In ana son rahoto ranar 5 ga wata, cire kwana uku na aiki don sa hannu, cire biyu na tacewa, sannan ka nemi alƙaluman wurare masu nisa kamar Gure da Tanut tun wajen 20 ga watan da ya gabata, ka kuma ba su ranar da ta riga wadda kake bukata da kwana biyu. Alhamis ranar kasuwa ce, Juma'a guntuwa ce, kada ka lissafa su cikakkun ranaku. Duk lokacin da ka ƙiyasta wa aiki, ƙara masa rabinsa.

Sauran ba su bukatar dogon bayani. Wanda ya kwana a fada har ƙarfe ɗaya, da safe ƙaramin abu zai tunzura shi. Maganar da za ta iya zama rigima ba a yin ta da yunwa, cikin azumi kuma a bar ta sai da safe. In an ɗora maka sabon aiki alhali kana kan wani, tambayi wanne za a fara, kuma amsar ta shiga kaye. Kada ka ci bashin wanda ke sa hannu a takardunka. In fushi ya kai ga ɗaga hannu a gida, ko barci ya ƙaurace sati da sati, a ga likita, wannan ya wuce dabarun tebur.

In kuma an yi duk wannan abin bai canza ba, zagi ya kai ga iyaye, ko aka fara rubuta maka takardar neman bayani kan lattin da ba naka ba, lokacin zuwa wurin wakilin sandika (ƙungiyar ma'aikata) ya yi, ko rubuta takardar neman canjin wurin aiki. A rubuta ta da kwanan wata da lambobin takardu zalla, ba a siffanta halin kowa, domin wanda zai karanta ta wataƙila abokin shef ne, kuma kalma ɗaya mai zafi ta ishe shi ya ajiye ta gefe. A haɗa da fotokwafin shafukan kayen. Na asalin ya zauna gida, kada a miƙa shi ga kowa ko da an ce za a duba a maido.