Ƙwayar ƙarfe in ta sha wuta

Mu gidanmu gidan ƙira ne, a wani ƙauye gefen Ringim, tun ina jan zugazugi Baba yake nuna min cewa in ka karya sifirin mota ka ga bakin karayar sumul to ƙarfen na da kyau, in kuwa ka ga tsaki-tsaki yana ƙyalli wuta ta ci shi, fartanyar da aka ƙera da shi ba za ta kai kaka ba. Da na tafi Zariya karatun injiniyan ƙarafa na tarar littafi ma haka ya ce, shi ƙarfe ƙwayoyi ne manne da juna, kuma mai ƙananan ƙwayoyi ya fi ƙarfi, dokar Hall-Petch ake ce mata.

A furojet ɗina na shekarar ƙarshe ne abin ya juye min. Inconel 718 muka samu, gaurayen nikel ne da ake sawa a injin jirgin sama. Muka yanka shi biyu, ɗaya muka sa a tanderu sama da digiri 1050 don ƙwayoyinsa su girma, sannan muka yi musu gashin ƙarshe iri ɗaya. Gugar ce ta fi cin rai wallahi, sanfefa bayan sanfefa har sai fuskar ta zama madubi, ka shafa asid ka sa a maikiroskof, sai ga iyakokin ƙwayoyin nan, wato inda wannan ƙwaya ta haɗu da waccan, ɓaro-ɓaro, kuma ƙarzane ɗaya in ya rage sai ka ɗauke shi iyaka, don haka duk mai shirin wannan aiki kar ya yi gaggawa a nan.

A sanyi mai ƙananan ƙwayoyi ya fi tauri. Amma da muka rataya musu nauyi a digiri 650 muka bar su, shi ya riga miƙewa, kuma tsagar bin iyakokin ta yi tiryan-tiryan. Da zafi ya yi yawa ƙwayoyin zamewa suke a kan juna, atam na ratsawa ta iyaka cikin sauƙi, kamar dai katangar tubali da damina ke fara ci ta mahaɗa. Yawan iyaka, yawan wurin lalacewa.

Da na zo hutu na ba Baba labari a maƙera, ya ajiye awartaki ya ce "to su masu jirgin me zai hana su yi shi ba mahaɗa?" Na ce Baba ai haka suka yi! A shekarun 1960 kamfanin Pratt & Whitney na Amurka ya fara zuba fikafikan tabain, wato farfelar cikin injin jirgi da iska mai zafi ke juyawa, ta yadda ƙwayoyin ke tsayawa dogaye a miƙe, zuwa farkon shekarun 1980 jirage sun fara tashi da fiffiken tabain mai ƙwaya ɗaya tal. Wata murɗaɗɗiyar hanya ake yi a gindin mazubin, ƙwaya ɗaya ce kawai ke iya haurowa ta cika shi. Abin nan har yau burge ni yake, don iskar da ke dukan fiffiken ta fi zafin da zai narkar da shi, ramukan sanyaya da rufin siramik ke kare shi.

Faifan da ke riƙe fikafikan kuwa, tsakiyarsa ba ta shan zafi sosai sai ja da jijjiga, can ƙananan ƙwayoyi ake so, bakinsa kuma da ke shan zafi manya ake so, har akwai masu gasa faifai ɗaya ya fito da duka biyun.