Gurnanin da ba ya fitowa sai an hau kwalta

Ƙarar inji tana da sauƙin kamawa. Ko mota na tsaye a gareji, a buɗe bonet, makanike ya kasa kunne, ya ce ga inda take. Wadda ke cinye kuɗin masu mota a nan Maraɗi ita ce wadda ba ta fitowa sai an hau kwalta an miƙe: wani gurnani daga ƙasa, wuuu, kamar injin niƙa can a wata unguwa, da ka taka burki ka tsaya kuma sai ta ɗauke. Ka kai motar wajen gyara, a tada ta, shiru. Daga nan sai a shiga canke. Yau a canza rulma, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da ƙafar mota ke juyawa a kansa, jibi a ce kardan ne, sandar da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa ƙafa, wani mako a ce a sauke akwatin giya, ƙarar kuma tana nan inda take. Abin yana yi mini ciwo, don mafi yawan waɗanda ake yi wa haka da motar suke ci da iyalinsu.

Shi ya sa ba na yarda a kwance ko noti ɗaya a motata sai an fita da ita an saurare ta a hanya, ni da mai gyaran, ya ji abin da nake ji.

Corolla ce gare ni, da ita nake kai irin shuka da maganin gona kasuwannin Age, Gazawa da Tasawa. Bayan damina ta soma wannan gurnani. Daga gudun kilomita 60 a awa yake tashi, a 80 ya cika motar har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Da na shiga gareji ban gama bayani ba wani yaro cikin masu koyon aiki ya ce rulma ce. Maigidan garejin, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya dube shi ya ce, "Mi ka ji da har ka yanke?" Sannan ya juyo gare ni: "Malam, gobe bayan asuba ka zo mu hau hanya."

Cikin gari ba a jin komai. Ga kabu-kabu, ga adaidaita, ga amalanke, ga ramuka da ke hana ka riƙe gudu ɗaya. Sai muka kama hanyar Damagaram wajen Cadawa tun kafin manyan motoci su fito. Na kwashe duk abin da ke but, har jak da jarka, don kada su shiga maganar. Gilasai a rufe, rediyo a kashe. Dattijon kuma bai zauna gaba ba, baya ya koma. Ƙara tana bin ƙarfen jikin mota ta fito ta wani wuri daban, direba kuma sau da yawa zai rantse a gaba take alhali daga baya take tasowa.

Abu na farko da ya sa ni yi: na kai 80, na cire giya na bar ta a firi, inji na aiki a hankali, motar na gangarawa da kanta. Ba a kashe inji a wannan gwaji, don ƙarfin burki da sitiyari na tare da shi, kuma ba a yin sa sai a miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa. Juyin inji ya sauka, gurnani bai ko motsa ba, sai dai yana raguwa ne yadda gudun motar ke raguwa. Da wannan kaɗai inji ya fita daga zargi, shi da salansa da duk abin da ke bin totur. Saura abin da ke juyawa tare da ƙafa: taya, rulma, kardan, burki.

A nan ne aikin yake, domin kukan taya da kukan rulma suna kama da juna ƙwarai, har gwanaye na ruɗewa. Abu biyu ke raba su. Rulma ba ruwanta da irin hanyar da ake bi, ko sabuwar kwalta ce mai santsi ko tsohuwa mai tsakuwa a waje, muryarta ɗaya. Taya kuwa da ƙasa take magana, da an sauya daga wani shimfiɗin kwalta zuwa wani sai kukanta ya sauya. Na biyu shi ne nauyi. Idan ka karkata sitiyari hagu, nauyin mota yana komawa ƙafafun dama, idan ka karkata dama ya koma na hagu. Rulmar da ta ci, in an ɗora mata nauyi kukanta na ƙaruwa, in an sauke mata ya ragu ko ya ɗauke ɗif. Don haka a gudun 50 zuwa 60 ya ce in riƙa lanƙwasa motar a hankali, hagu, dama, ba tare da na bar hannuna na hanya ba. Yawanci in ƙara ta ƙaru lokacin da aka karkata hagu, ƙafar dama ake zargi, ko da yake dattijon ya ce bai taɓa sayen kaya a kan wannan kaɗai ba, don rulmar motocin yanzu layi biyu na ƙwallaye gare ta, wani lokaci takan nuna akasin haka.

A motata lanƙwasawar ba ta canza komai ba. Amma da muka hau wani yanki da aka yi wa faci da sabuwar kwalta, sai gurnanin ya sauya murya nan take. Daga kujerar baya na ji dattijon ya ce, "Tsaya nan, Malam."

Ya durƙusa a ƙafar baya ta dama, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan tayar ya shafa ta zagaye, sannan ya kama hannuna ya ɗora. Da ido tayar lafiya lau take, zanenta ma bai ƙare ba. Amma a hannu sai na ji gefen ciki tudu da kwari, tudu da kwari, tazarar kamar faɗin yatsu huɗu tsakaninsu. Ya haska amortisa, wato ƙarfen da ke hana ƙafar mota tsalle, da fitilar waya: duk jikinta mai ne da ƙura ta manne a kai. Ya danna bayan motar da ƙarfi ya saki, ta yi ta lilo maimakon ta tashi sau ɗaya ta zauna. Amortisa ta mutu, ƙafar tana ta tsalle a kan hanya, kowane tsalle yana gutsurar roba a wuri guda. Tayar inci 15 zagayenta kusan mita 2 ne, wato a gudun 80 tana juyawa wajen sau 11 a daƙiƙa. Kowane kwari yana dukan kwalta sau 11 a daƙiƙa, ga su kuma da yawa a jikin tayar. Gurnanin kenan.

Don a tabbatar, da muka dawo mai faci ya maida tayoyin baya gaba, na gaba baya. Ƙarar ta biyo tayar, ta dawo ƙarƙashin ƙafafuna har ina jin ta a sitiyari. Da rulma ce da ta tsaya inda take.

Akwai wani abu da dattijon ya nuna mini a gefen tayar wanda nake so duk mai sayen tayar gwanjo ya sani. Hoton dutse ne mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. Tayar hunturun Turai ce, an yi ta da roba mai laushi don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7, mu kuma muna ɗora ta a kan kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ke haura 40. Zanenta mai zurfi ne, shi ke jan idon mai saye, amma tana da ƙara tun asali kuma tana saurin ci a zafinmu. A gefen kuma akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2316 na nufin mako na 23 a shekarar 2016. A duba wannan kafin a yi ciniki, zane kaɗai ba ya faɗin shekarun roba.

Sauran ƙararrakin ba su da wuyar ganewa haka. Ƙas-ƙas-ƙas lokacin da ka murɗe sitiyari duka kana tashi, kardan ne, kuma kusan kullum za ka tarar robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fita, rairayin unguwanninmu ya shiga. Ƙara mai tsini da ke canzawa in ka taɓa burki, a duba takalman burki ko farantin da ke bayan faifan burkin, tsakuwa ɗaya daga hanyar Dakwaro ta isa ta jawo ta. Masu Hilux kuma, in kuka na zuwa idan an taka totur ya ɗauke idan an saki, a fara da man difaransiyal na baya, wato akwatin da ke raba juyi ga ƙafafun baya biyu.

Da a ce gwajin ya nuna rulma ce, da ba zan sake ɗaukar kaya zuwa Tasawa ba sai an gyara, domin ita in ta ƙare tana iya kamewa ko ta saki ƙafa ana cikin gudu. Ana ɗaga motar a jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kuma juya ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun na kan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da motar ke zaune a kansa, gurzar takan zo har yatsu ko da kunne bai ji ba. In an zo sawa, a nemi garejin da ke da injin matsi. Wadda aka buga da guduma tun ranar ta samu tabo a ciki, kuma ba ta daɗewa za ta soma kuka.

Amortisa biyu na baya na canza, don ba a canza ɗaya a bar ɗaya, da tayoyi biyu na ƙasar zafi. Rulma huɗun da motar ta zo da su suna nan a jikinta.