Darussa daga nazarin surar furotin masu ɗinke DNA

Idan zare ɗaya daga zaruruwa biyu na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ya tsinke, gyaransa da sauƙi, tunda ɗan'uwansa na nan a kwafa daga gare shi. Tashin hankalin shi ne duka biyun su katse a wuri guda. A jikin ɗan Adam, yawancin irin wannan karaya ana gyara ta ne ta haɗa bakunan biyu kai tsaye, kuma mai fara isa wurin shi ne Ku, wato furotin biyu manne da juna, Ku70 da Ku80.

A 2001 aka fitar da surar Ku, sai aka ga rufaffen zobe ne. Zobe ba ya shiga igiya ta tsakiya sai ta bakinta, shi ya sa Ku ke kama tsinkakken baki kawai, ba ruwansa da jerin haruffan da ke wurin. Amma da an gama ɗinki zoben ya maƙale, sai an yi masa lamba da wani ƙaramin furotin mai suna ubiquitin sannan furotin p97 ya fizge shi. Siffa ɗaya ta amsa tambaya, ta kuma nuna aikin da ya rage.

Ku ne ke janyo DNA-PKcs, ƙaton furotin mai amino asid 4,128. Hoton da aka samu bayan an mayar da furotin ɗin lu'ulu'u a Jami'ar Kambirij a 2010 bai fi nanomita 0.66 kaifi ba, ana ganin fasali amma ba a tantance amino asid ɗaya-ɗaya. Dabarar cryo-EM, wato ɗaukar hoton daskararren samfuri da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, ita ce ta buɗe ƙofa. Ana ɗiga kimanin maikirolita 3 na samfuri a kan 'yar raga, a tsane ruwan da takardar tacewa, a tsoma ta da sauri cikin ruwan ethane da aka sanyaya da ruwan naitirojin, don ya daskare ba tare da ƙanƙara mai lu'ulu'u ta fito ba. Daga nan kwamfuta ta tattara hotunan dubban ƙwayoyi ta fitar da sura guda.

A nan ne aiki ya fi lalacewa, kuma galibi laifin samfuri ne, ba na na'ura ba. In aka bar bakuna biyu na guntun DNA da ke cikin samfurin a buɗe, Ku zai shiga ta kowane baki, wani ya turo wani ciki, hotuna su cakuɗe. Dole a toshe baki ɗaya. In aka zuba ATP, sinadarin da ke ba da fosfet, ba lissafi, DNA-PKcs zai liƙa wa kansa fosfet ya saki DNA, a wayi gari abin da ake nema ya watse tun kafin daskarewa. Ga kuma fuskar ruwa inda ta haɗu da iska: furotin na manne mata, ya warware ko ya kwanta ta gefe guda, sai taswirar surar ta fito a miƙe ta wata fuskar. Ɗan sinadarin CHAPSO ko karkata ragar kan rage wannan.

Darasin da na fi ɗauka da muhimmanci ya fito ne daga surorin 2021. A mataki na farko an ga bakunan DNA a riƙe, amma da tazarar kimanin nanomita 11.5 tsakaninsu, furotin XLF na tsakiya ya haɗa ɓangarorin, furotin XRCC4 da ligase IV mai ɗinki na gefe. Sai DNA-PKcs ya tashi bakunan ke kusantar juna, ligase IV ya daidaita su ya ɗinke. To a hoton farko sashen ligase IV mai yin ɗinkin bai fito ba sam. Yana nan, motsi yake yi, kuma duk abin da ke motsi yakan dushe idan aka haɗa hotuna. Wanda ya karanta taswira kamar ta nuna komai zai yi kuskure babba. Don haka duk mahaɗar da aka gani tsakanin furotin biyu, a sauya amino asid ɗin wurin, a gwada a cikin ƙwayoyin halitta masu rai a ga ko gyara ya tsaya.

Wannan ba ilimin ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Furotin Artemis, wanda DNA-PKcs ke tayarwa don datse bakin DNA da ya naɗe, sai da shi ƙwayoyin garkuwar jiki na B da T ke samuwa. Jaririn da aka haifa da lalataccen Artemis ba shi da su, kuma jikinsa ba ya jure hasken radiyeshin, saboda haka likitoci kan sassauta magungunan da ake ba shi kafin dashen ɓargo.